Hukuncin Kawu a Filin Nakkasa

Ranar farko ta zaman makokin Kawu mun jera kujeru a layinmu na unguwar Utaibiyya a Makka daidai yawan mutanen da muke tsammani. Kafinta ne da ya daɗe da ajiye aiki, 'ya'yansa duk mata ne, kowacce tana gidan mijinta. Mun ɗauka dangi ne za su zo, da 'yan masallaci, da tsofaffin abokan sana'a da suka rage. Ba a jima da idar da magariba ba kujerun suka ƙare.

Waɗanda suka cika layin ba namu ba ne. 'Yan Pakistan ne da 'yan Indiya da 'yan Bangaladash, wasu da kayan aiki a jikinsu, fenti bai gama fita daga farcensu ba. Suka shiga sahu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa kafaɗata ya yi mini ta'aziyya da Larabcinsa na wurin aiki, ya nemi jikin bango ya tsuguna. Wani dattijo cikin danginmu na Jidda ya matso ya raɗa mini, "Ma'aikatan wane ne waɗannan? Ko marigayin yana da kamfani ne ban sani ba?"

Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta aiko daga cikin gida tana tambayar hayaniyar me take ji. Na shiga na ce mata 'yan wasa ne.

"Masu ce masa Caca?" in ji ta.

Na ce su ne.

Ta gyara lulluɓinta. "A ƙaro musu gahawa da dabino. Yau dai su kira shi duk abin da suka ga dama."

A yarensu Caca na nufin baffa. Inna ta san haka, amma ta yi shekaru tana faɗa da sunan nan. Ta kan ce dattijo mai furfura a garin Makka, a rasa abin da za a laƙaba masa sai caca.

A cikinsu akwai wani dogo, direban tankar ruwa, ɗan Pakistan, wanda ya ƙi zama har kwana ukun suka cika. Shi ya karɓi butar gahawa yana zagayawa da ita kamar ɗan gida. Ba wanda ya hana shi, don shi ya shiga kabari tare da ni muka karɓi Kawu.

Yaran gidanmu na yanzu, waɗanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, ba su san Kawu ba sai a matsayin tsohon da ke zaune bakin ƙofa da carbi. Saboda su nake rubuta wannan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Daga wani ƙauye kusa da Kano ya zo aikin hajji yana saurayi, bai koma ba. Ya sami aiki a shagon wani kafinta ɗan Pakistan a unguwar Tandabawi, kuma a shagon nan rediyo ba ta mutuwa in ana wasan kurket. Maigidan nasa ya kan ajiye zarto ya zana masa filin wasan da fensir a kan katako. Ga mai jifa nan, zai rugo ya jefo ƙwallo. Ga mai bugu, riƙe da sanda mai faɗi, yana kare wasu 'yan sanduna uku da aka kafa a bayansa. In ƙwallo ta taɓa su, ko ya buga ta sama aka cafe, ya fita, wani ya shigo. In ya buga ta yi nisa, shi da abokinsa su yi ta gudu suna musayar wuri, kowane zuwa maki ɗaya. Kawu bai taɓa riƙe sandar don wasa ba. Gyaranta ya fara yi, don duk wanda tasa ta tsage shagon yake kawowa, daga nan ya fara bin su kallo, daga kallo suka ga ba shi da ƙasa a cikin rigimarsu, suka mai da shi alƙali.

Filin nasu a unguwar Nakkasa yake, a wani fegi da aka share bayan rusau. Gidan da Kawu ya fara zama da Inna yana cikin waɗanda aka rushe a wurin. Sau ɗaya ya taɓa nuna mini. Ya ce, "Ka ga inda mai jifa ke fara gudu? Nan ne madafin Innarku." Ya wuce ya tsaya a wurinsa.

Da gwiwarsa ta fara ciwo, ni nake kai shi a mota kowace Juma'a bayan asuba, in zauna in jira. Ina da iyalina da aikina a kantin magani, kuma ban damu da wasan ba. Shi nake kallo. Zai tsaya da farar jallabiya da hular Kano, tsakuwa shida a hannun dama, duk jifa ɗaya ya mai da guda hagu, don bayan jifa shida ake canza mai jifa. Ƙwallonsu ta tanis ce da aka naɗe da salatif. In mai bugu ya fita, Kawu zai ɗaga yatsa ɗaya sama, a hankali, ba ya kallon kowa. Na ga ƙarti masu ɗaukar buhun siminti biyu sun buɗe baki za su yi musu, su dubi yatsan nan, su saɓa sanda su fice. In kuwa abu ya shige masa, sai ya ce, "Ban gani ba, ba zan ce na gani ba." Ko duk filin ya rantse, iyakar abin da zai faɗa ke nan.

Amininsa, ladanin masallacin unguwarmu, ya taɓa tare shi a kan wannan a gabana.

"Alhaji, mutane na sayar da gonakinsu don su zo su ga Ka'aba sau ɗaya. Kai kana kusa da ita, safiyar Juma'a guda, kana cikin ƙura kana ƙirga wa 'yan Hindi ƙwallo."

Kawu ya ce, "Malam, mutanen nan kwana shida suna aiki a rana. Safiya ɗaya gare su. In babu mai raba musu gaskiya faɗa za su yi, in sun yi faɗa motar hukuma za ta zo ta kwashe su, rabinsu ba su da takardar zama. Kuma tun da muke, ka taɓa riga ni sahun Juma'a?"

Ladan kuwa bai taɓa riga shi ba. Suka yi mako guda gaisuwa kawai ke haɗa su. Daga baya ladan ya aiko masa da lema, ya ce ya riƙa tare rana.

A duk masu bugu na filin, biyu ne ake magana a kansu. Ɗaya direban nan ne. Ɗayan ɗan Indiya ne, gajere, siriri, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke ce wa mukayyif.

Ko ni da ban san wasa ba, in direba ya shigo sai in fito daga mota. Yana tsayawa kamar an kafa shi. In ya sami ƙwallo daidai, sai ka ji ƙara ɗaya, ka ɗaga kai kana nemanta a sama, ta haye iyakar fili ta faɗa can cikin ɓaraguzan gini. 'Yan Pakistan su yi ta buga galan. Mai mukayyif kuwa za ka iya kallonsa rabin sa'a ba ka ga ya yi wani abu ba. Ba ya ɗaga ƙwallo sama. Ɗan murɗa wuyan hannu kawai yake yi, ta silale ta tsakanin masu tsaro biyu, ya yi gudu, ya dawo, ya gyara hula. Sai an tashi a ce ai shi ya fi kowa maki, kuma ba wanda ya iya fitar da shi.

Shekaru ana gardamar wa ya fi. A wurin cin wake da burodi bayan wasa ake yinta, ana dariya. Su biyun ba sa sa baki, suna ma cin abinci a faranti ɗaya. In an tambayi Kawu sai ya ce shi alƙalin jifa ne, ba alƙalin mutane ba.

Abin ya daina zama wasa lokacin da ma'aikatan Jidda suka aiko suna neman a kara da su. Dole Makka ta fitar da ƙungiya ɗaya, a kuma sami mutum ɗaya da zai fara bugu ya jagorance ta. 'Yan Pakistan suka ce direba. 'Yan Indiya suka ce nasu. Aka jawo maganar ƙasashe, aka jawo abin da ba na fili ba. Wata Juma'a ina zaune a mota na ga an daina wasa, mutane sun rabu gida biyu, wani ya zare sandar da aka kafa a ƙasa ya ɗaga. A kan titin da ke saman filin kuma ga motar 'yan sanda ta rage gudu.

Kawu ya taka da gwiwar nan tasa har tsakiyarsu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kowa ya zauna a ƙasa, yanzu. Suka zauna, har wanda ke riƙe da sandar. Motar ta ɗan tsaya, ta ga tsoho a tsaye da mutane zaune gabansa kamar masu ɗaukar karatu, ta wuce.

Wani daga cikinsu ya ce, "Caca, kai ka raba. Abin da ka faɗa mun yarda."

"Kun yarda, ko kowa na zaton nasa zan zaɓa?"

Suka ce sun yarda. Ya sa su biyun suka maimaita da bakinsu.

Ni dai na san abin da ke tsakanin Kawu da direba. Tun su Kawu suna Nakkasa, lokacin da masu tanka ke ƙin hawa tudun unguwar, shi kaɗai ke kai musu ruwa har ƙofa. Ranar da Kawu ya faɗi a banɗaki, shi ya goya shi ya sauko da shi har titi. Inna ta kan ajiye masa tuwo in ta yi, ya ci da miyar kuka yana zufa yana cewa ya fi na jiya. Mai mukayyif kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Kowa a filin ya san haka, kuma ina jin 'yan Pakistan da shi suka dogara.

Kawu ya juya wajen direba, ya yi magana da Larabcin da duk suke ji.

"Ɗana, in ka daki ƙwallo ni kaina ina manta cewa alƙali nake. Tun da nake kallon wasan nan ban ga hannu irin naka ba. Amma ranar da ƙasa take sumul ne kake haka. Ranar da ƙwallo ke tsalle a kan tsakuwa, kai ne na farkon fita. Ƙafarka ta gaba ba ta zuwa wurin ƙwallo, hannu kaɗai kake aikawa. Kuma in mai jifa ya tsokane ka sau biyu, na uku sai ka ba shi abin da yake so."

Sannan ya nuna ɗayan. "Wannan kuwa kafin a jefo ya riga ya duba inda kowa yake tsaye. Ƙasa mai kyau da marar kyau duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk wanda ya yi bugu tare da shi sai ya fi yadda yake. Yana karɓar mai jifa mai zafi da kansa, ya bar wa abokinsa mai sauƙi, kuma ba ya bari a lura. Ni na lura, don ina tsaye kusa."

Ya sake juyowa wajen direba. "In kallo zan je, kai zan je kallo. Amma an tambaye ni wa ya fi. Shi ya fi ka."

Ba wanda ya yi tafi, har 'yan Indiyan. Direba ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya maka ta a kan wani dutse har ta tsage, ya yar, ya tafi. Kawu ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka. A mota ya ɗora ta a kan cinyarsa har muka isa gida.

Inna ta ji labari kafin mu cire takalmi.

"Da ka ce duk ɗaya suke mana, Alhaji."

"Ba ɗaya suke ba."

"To da ka yi shiru."

"Sun tambaye ni, Hajiya."

"Yaron da ya goya ka a bayansa."

"Shi ya sa ba zan yi masa ƙarya ba," in ji Kawu. Ya shige ɗaki, ranar bai ci abincin rana ba.

Direba ya daina zuwa fili, ya daina zuwa gida. In tankarsa ta biyo layinmu sai ya kau da kai. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Kawu gani, amma ya fito da tsofaffin kayan aikinsa ya zauna a kan sandar nan. Da yatsa yake laluben tsagar. Ya zuba gam, ya ɗaure, ya jira kwanaki, ya naɗe da zare layi bayan layi, in ya ji wani ya hau kan wani ya warware ya sake. Da ya gama ya ce in kai masa. Na tarar da shi a wurin ɗibar ruwa, na miƙa masa. Ya juya ta, ya shafa zaren, ya ajiye a bayan kujera. Bai ba ni saƙo ba.

Aka je Jidda ba da shi ba. Kawu bai je ba, tafiyar ta yi masa nisa. Washegari mai mukayyif ya zo gida, karo na farko da ya taka ƙofarmu. Ya ce an cinye su da ɗan kaɗan. Shi ya fara bugu kuma har aka tashi ba a fitar da shi ba, amma a ƙarshe ana bukatar wanda zai ɗaga ƙwallo ta haye fili sau biyu, babu.

"Caca, da yana nan da mun ci. Ni ba zan iya abin da yake yi ba."

"Na sani," in ji Kawu. "Ni ka zo faɗa wa? Je ka faɗa masa."

Ya je. Ban san abin da suka tattauna ba. Bayan kwana biyu da la'asar na ji tanka ta tsaya a bakin layi. Direba ya yi sallama, ya tsaya daga ƙofa da sandar a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa.

Ya ce, "Caca, nuna mini ƙafar."

Kawu bai tambaye shi inda ya shiga ba. Ya ce a miƙo masa alli. Ya fito layi ya ja zane a ƙasa, ya sa shi ya tsaya, ya kama gwiwar wannan ƙaton mutum da hannu biyu yana tura ta gaba yana cewa, "Nan. Kanka ya bi ta. Sake." Suka yi ta yi har aka kira magariba, maƙwabta na leƙe. Inna ta aiko da tuwo ba tare da ta ce na wane ne ba.

Ba a sake gwada su biyun ba. Kafin shekara ta zagayo aikin mai mukayyif ya ƙare, ya koma ƙasarsu. Kawu ma ya ajiye alƙalanci, ya ce wanda ba ya ganin ƙwallo ba shi da hurumin fitar da kowa. Suka roƙe shi ya ci gaba ko da a zaune, ya ƙi.

Makonni kaɗan kafin ya kwanta ciwon ajali ya ce in kai shi fili. Na ajiye masa kujera a gefe, na riƙe masa lema. A lokacin inuwar mutane kawai yake gani. An yi ruwa a makon, ƙasar ta lalace, masu bugu sai fita suke yi. Can aka ji wani bugu, ba mai ƙara sosai ba, ƙwallo ta bi ƙasa ta wuce har iyaka. Kawu ya ɗago kai.

"Wane ne wannan?"

Na ce direba ne.

"A ƙasa ya buga ta?"

Na ce a ƙasa.

Ya karkata kunne. Direba ya daɗe a ciki ranar. Ya bar wasu ƙwallayen suka wuce, ya tare wasu, sai can wajen ƙarshe ya ɗaga guda biyu suka faɗa cikin ɓaraguzai. Aka tashi. Suka zo suka gaishe shi, ya sa musu albarka, muka shiga mota. Mun kusa gida ya ce, "Yau da za a sake tambayata, da na sha wuya."

Na ce, "Kawu, me ya hana ka faɗa masa? Ai da ya ji daɗi."

"Kar ka faɗa masa yanzu. Da saura a ƙafar."

Na riƙe maganar har ya rasu, na riƙe ta har aka share makoki. Bayan kamar wata guda na hango tankar direba a wata unguwa yana jan tiyo zuwa wani gida. Na tsaya muka gaisa, ya tambayi Inna. Sai na faɗa masa abin da Kawu ya ce a mota, kalma bayan kalma.

Ya saki tiyon. Ya ce in sake faɗa, na sake.

"Da ya sha wuya," in ji shi. "Bai ce na fi shi ba?"

"Bai ce ba."

"Bai ce mun yi daidai ba?"

"Bai ce ba."

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, ya share da bayan hannu. "To haka ne. Da ka ce mini ya ce na fi shi, da na san kai ka ƙara." Ya ɗauki tiyonsa, don mai gidan ya leƙo yana jira.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci a ƙasar da ya zo yana saurayi ya ƙi bari. Ya yi masa hisabi mai sauƙi, Ya ba Inna haƙurin zama bayansa. Amin.